Aiki ne ya ƙare a Kaduna, ko tsanin hawa ne ya karye?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya tafi, kalmar garambawul ba ta sauka daga bakin jami'an gwamnati ba. Kullum zancen ɗaya ne: a ƙara haƙuri, gyara ake yi. A teburin mai shayi kuwa, ko a Tudun Wada ko a Kawo, musun daban ne. Dattawa su ce yaran yanzu ba sa son wahala, yaran su ce aikin ne babu. Abin da nake gani da idona bai yi daidai da ko ɗaya ba, domin samarin unguwarmu suna fita tun rana ba ta fito ba, ba sa dawowa sai bayan isha'i. Aiki kam suna yi. To me ya sa mai shekara talatin, wanda ya shekara bakwai yana wannan sammako, har yau a shagon ƙofar gidan ubansa yake kwana, babu zancen kama haya, balle haɗa lefe?

Me ake nufi da garambawul?

A taƙaice, sauya wanda zai biya ne da sauya wanda zai mallaka. Gwamnati ta cire hannunta daga riƙe farashin mai da na lantarki, ta saki naira kasuwa ta yanka mata daraja, ta cefanar da kamfanoninta, ta buɗe ƙofa kayan waje su shigo, ta rage ma'aikata. Kamfanoni ma su yi nasu: a haɗe wannan da wancan, a rufe reshe, a miƙa wani sashe na aiki ga ɗan kwangila.

Ba yau aka fara ba. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP, wanda ya karya darajar naira ya kuma soma sayar da kadarorin gwamnati. A 2005, lokacin Charles Soludo yana Babban Banki, bankuna 89 suka koma 25, Bankin Arewa ya narke cikin Unity Bank. NEPA ta zama PHCN, aka yanka ta gunduwa-gunduwa aka sayar daga 2013. Wanda aka haifa a 1995 bai taɓa sanin Kadunar da ba a cikin gyara take ba.

Kakuri, inda aka fara gani

Mahaifina ya yi shekara ashirin da ɗoriya a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Da takardar firamare ya shiga, aikinsa na farko sharar ƙurar auduga a ƙarƙashin inji. Daga baya aka damƙa masa inji ɗaya, sannan huɗu, sannan layi guda da mutane a ƙarƙashinsa. Har yau katin aikinsa yana cikin wata tsohuwar jakar fata, tare da takardun ƙarin girma guda biyar, kowacce da kwanan wata da sabon albashi. Ina tuna jiniyar canjin aiki, da yadda titi ke cika da kekuna da babura har mota sai ta tsaya. Mai nama da mai kayan miya sun san ranar albashi kamar yadda suka san ranar Juma'a, kuma suna ba da bashi hankali kwance. Da aka rufe masaƙar, shekaru ya yi yana zaryar neman haƙƙinsa na sallama, daga wannan taro zuwa wancan, har takalmi ya cinye.

Masaƙar Kaduna Textiles (KTL) ta soma aiki a 1957, zamanin Sardauna. United Nigerian Textiles (UNTL) ta biyo a 1964, ga kuma Arewa Textiles da su Nortex da Finetex. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa mota a Kakuri a 1975, matatar mai ta buɗe a 1980. Ba ranar ɗaya masaƙun suka faɗi ba, kuma ba abu ɗaya ne ya kayar da su ba. Faɗuwar naira ta sa kayan gyaran inji da sinadarin rini, waɗanda duk daga waje ake kawowa, suka yi tsada. Wuta ta ƙi tsayawa, baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi ya yi wuya. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi, ga atamfar China tana kwararowa ta fasa-ƙwauri daga Benin da Nijar a farashin da masaƙar gida ba za ta iya ba. A ƙara da tsofaffin injuna da sakacin masu gudanarwa, don shi ma gaskiya ne. KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007.

Idan ana lissafin asarar, yawanci kawunan ma'aikata ake ƙirgawa. Ni takardun nan biyar nake kallo. Masaƙa wuri ce da yaro ke shiga bai iya komai ba, a koya masa ana biyansa, ya hau mataki-mataki, ga ƙungiyar ƙwadago tana tsaya masa. Adams Oshiomhole daga Arewa Textiles ya faro, ya jagoranci ƙungiyar ma'aikatan masaƙu wadda hedikwatarta ke nan Kaduna, ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa NLC a 1999, ya zama gwamnan Edo. Ba kowa ne zai kai can ba, amma matakalar tana nan kowa yana ganinta.

Akwai kuma wata asara da ba a cika faɗa ba. A ɗakin saƙa Bahaushe da Bajju da Gbagyi da Tibi da Ibo suke aiki kafaɗa da kafaɗa. Rikicin 2000 da na 2002 ya raba garin gida biyu, kogin Kaduna ya zama iyaka, a daidai lokacin da wuraren da ke haɗa mutane suke mutuwa. Yau akwai saurayi a Rigasa da zai ji ana ɗaukar ma'aikata a Kudenda ko Sabon Tasha, amma sai gidansu sun yi shawara kafin a bar shi ya je, haka ma ɗan Narayi idan aikin a Mando yake.

Aikin da ba shi da gobe

Abin da ya maye gurbin masaƙa shi ne aikin kwantiragi da buga-buga. Ka shiga banki, yarinyar da ke ƙirga maka kuɗi sanye take da kayan bankin, amma sau da yawa ba ma'aikaciyar bankin ba ce. Wani kamfanin ɗaukar ma'aikata ne ya kawo ta haya. Aiki ɗaya take yi da ta kusa da ita, albashi ba ɗaya ba, kuma ko ta shekara goma tana nan a matakin da ta shiga. Ranar da aka ga dama a ce kada ta zo gobe, babu garatuti. Haka masu gadi, masu karanta mita, direbobin kamfani da malaman makarantun kuɗi da yawa.

Dalilin mai kamfani ba ɓoyayye ba ne. Ma'aikacin dindindin nauyi ne da ba ya sauka ko kasuwa ta faɗi: dokar fansho ta 2014 ta ce mai aiki ya zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8, ga hutu, ga asibiti, ga kuɗin sallama. Wanda bai san nawa dala za ta kai a watan gobe ba, ba ya son alkawarin shekara talatin. Sai ya sauke kasadar daga kansa ya ɗora ta a kan wanda ya fi kowa rauni, wato sabon shiga. Wannan shi ne zuciyar maganar. A da, idan kasuwa ta yi sanyi, kamfani ne ke fara jin jiki. Yanzu matashi ne.

Ɗan yayata ya gama Kaduna Polytechnic, ya yi bautar ƙasa, yanzu yana zaune a ƙarƙashin lema da na'urar POS a bakin kasuwa. Na'urar da jarin na maigidansa ne, shi kaso yake samu daga cajin da aka tara. Na zauna da shi wani yammaci. Mace ta zo cirar dubu biyu ta yi cefane, sabis ya ɗauke, kuɗi ya fita daga asusunta bai shigo nasa ba, aka yi ta cacar baki har mai lemo ya shiga tsakani. Da ta tafi na ƙirga lemomin POS da ke layin, bakwai. Na tambaye shi me ya koya a shekara uku. Ya yi dariya ya ce, "Kawu, na iya gane jabun alat tun kafin mutum ya juyo da wayarsa." Ilimi ne, amma babu ofishin da zai ƙara masa albashi saboda shi. Mai Keke Napep ma haka: sai ya fitar da balas ɗin mai keke da kuɗin mai kafin ya fara nema wa kansa, kuma a shekara ta biyar lissafinsa shi ne na shekarar farko, sai dai bayansa ya fi ciwo.

Aikin gwamnati, wanda iyayenmu ke kira rufin asiri, shi ma ya girgiza a jihar nan. A 2017 gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare jarrabawa, sama da 21,000 suka rasa aiki, aka ɗauki sababbi. A Mayun 2021, bayan sallamar ma'aikatan ƙananan hukumomi, NLC ta tsayar da garin cak, aka ɗauke wuta, jirgin ƙasa ya tsaya. Hujjar gwamnati ita ce albashin mutane kaɗan yana cinye mafi yawan kason da jihar ke samu daga Abuja, kuma malamin da bai ci jarrabawar 'yan aji huɗu ba bai kamata ya tsaya gaban allo ba. Hujja ce mai nauyi. Sai dai darasin da matasa suka ɗauka shi ne ko takardar gwamnati ba ta hana a ce maka ka tafi gida.

Lamba ta hau, mudu ya ragu

Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, zuwa 70,000 a Yulin 2024. Gwamna Uba Sani ya amince da 72,000 ga ma'aikatan jihar Kaduna. Alawus ɗin masu bautar ƙasa ya koma 77,000 daga 33,000. A takarda, an ninka har da ƙari.

Sai a je gidan mai. A 2019 lita tana naira 145, dubu talatin tana sayen lita ɗari biyu da 'yan kai. Bayan cire tallafi lita ta haura 500 cikin kwanaki, ta wuce 1,000 a ƙarshen 2024. Ko a kan naira 900 aka yi lissafi, dubu saba'in ba ta kai lita tamanin ba. Da dala ma haka: dubu talatin ta 2019, lokacin dala tana wajen 360, ta haura dala 80. Dubu saba'in a kan 1,500 ba ta cika dala 50 ba. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. A nan mutane ke yawan ruɗewa: idan aka ce hauhawar ta sauka, ba farashi ne ya dawo baya ba, gudunsa ne ya ragu.

Kuma wa dokar ta shafa? Ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta shafi mai aikin kaso ba. Shagon magani, gidan burodi, ƙaramar makarantar unguwa, gareji, duk suna waje, kuma nan ne akasarin matasa suke. Malamar da ke da NCE tana koyarwa a makarantar kuɗi a Unguwar Sanusi ko Badarawa tana jin labarin dubu saba'in ne a rediyo kawai. Idan ta cire kuɗin keke na wata, abin da ya rage bai kai a kira shi albashi ba, shi ya sa da yawa suke ajiye alli su koma sayar da atamfa da turare ta WhatsApp daga cikin ɗaki.

Kashi 33 ko kashi 4?

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 marasa aiki kashi 33.3 ne cikin ɗari. A 2023 ta fitar da 4.1. Mutane suka ce ƙarya ce tsagwaronta. Ma'aunin ne aka sauya zuwa na ƙasa da ƙasa: duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako don samun kuɗi, mai aiki ne. Wanda ya yi dakon buhu biyu ranar Talata ya shiga sahu. Lambar da ta fi faɗar gaskiya tana cikin rahoton guda: sama da kashi 90 na masu aiki a ƙasar nan ba su cikin tsari, ba takarda, ba fansho. Talaka ba shi da halin zama babu aiki, yunwa ba za ta bar shi ba.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu goyon bayan garambawul, da gwamnati da Bankin Duniya da IMF, suna cewa tallafin mai ya ci sama da naira tiriliyan 4 a 2022 kaɗai, da bashi ake biyansa, kuma mai motoci biyar da ɗan fasa-ƙwaurin da ke tsallaka da mai Nijar da Kamaru sun fi talaka amfana. Farashin dala kashi biyu, na gwamnati da na kasuwa, ya azurta masu hanya ne kawai. Duk wannan gaskiya ne, kuma kason da jihohi ke karɓa duk wata ya ƙaru sosai tun daga lokacin.

'Yan ƙwadago suna cewa an yi wa mara lafiya fiɗa babu allurar kashe zafi: an cire tallafi, an saki naira cikin mako biyu, babu motocin haya masu sauƙi, ƙarin albashi bai zo ba sai bayan shekara guda. Zanga-zangar Agustan 2024, wadda ta kai ga dokar hana fita a Kaduna da Zariya, daga wannan fushi ta fito.

Masu masana'antu nasu kukan daban. A Afrilun 2024 kuɗin wutar rukunin Band A, wato waɗanda suka fi samun wuta, ya tashi daga kusan naira 68 zuwa 225 kowane yunit. Babban Banki ya ɗaga kuɗin ruwa har kashi 27.5 don ya danne hauhawar farashi, wanda ke nufin bashin banki ya fi ƙarfin mai ƙaramar masana'anta. Wanda ba zai iya ƙara inji ba, ba zai ƙara ma'aikaci ba.

A ganina masu garambawul sun yi daidai da suka ce tsohon tsarin ba zai ɗore ba. Inda nake rabuwa da su shi ne zaton cewa da zarar lissafin gwamnati ya daidaita, aiki mai kyau zai tsiro da kansa. An faɗa wa iyayenmu haka a 1986. Ko sababbin jarin da suka shigo, irin kamfanin abincin kaji da ƙyanƙyasa na Olam da aka buɗe a Chikun a 2017, da sabon wurin harhaɗa Peugeot na Dangote a hanyar Abuja, abin maraba ne, amma masana'antar zamani inji ta fi ci, ba ta ɗaukar dubban hannaye kamar masaƙa. Akwai kuma abin da ba ya ramuwa. Wanda ya gama karatu a shekarar tsanani, ya ɓata shekara biyar ɗinsa na farko a aikin da ba a koyon komai, idan al'amura suka gyaru ƙanensa za a ɗauka, don tallan aiki yakan ce kada a wuce shekara 26 ko 27.

Waɗanda ƙofa ta buɗe musu

Ba kowa ne ya yi asara ba. Tsadar mai da wuta ta sa mai haɗa sola ba ya zama. Tsadar sabon kaya ta dawo da darajar gyara, kuma duk wanda ya shiga Panteka zai ga masu walda da kafintoci da masu ƙera injin niƙa da na casa suna aiki ba ɗaga kai. Abin lura shi ne a Panteka tsani bai karye ba: yaro ya shiga yana miƙa sufana, ya zama mai riƙe aiki, maigida ya yaye shi. Matsalar tana a matakin ƙarshe, domin kuɗin injin walda da janareto da hayar rumfa sun ninka, sai ka ga ƙwararre ya shekara yana jiran jarin da zai tsaya da ƙafarsa. Waɗanda suka iya aikin kwamfuta suna yi wa mutanen waje ta intanet ana biyansu da dala, su faɗuwar naira riba ce. Amma su nawa ne, kuma nawa kwamfutar take yanzu?

Tafiya ma sai da guzuri

Bahaushe ya saba da ci-rani, idan gida ya ƙi sai a nemi gaba. Sai dai garambawul ɗin da ke kora mutum shi ne kuma ke tsadar da hanyar. Masu digiri a fannin lafiya da kwamfuta suna duban Ingila da Kanada da Saudiyya, ga kuɗin jarrabawa da biza da jirgi duk da dala ake lissafinsu, sun ninka sau uku. Ingila ma tun 2024 ta hana akasarin ɗalibai da masu aikin kula da tsofaffi tafiya da iyali. Wanda gidansu ke da filin sayarwa shi ke fita. Wanda ba shi da shi sai Legas ya yi acaba ko gadi, ko ramin haƙar zinare, ko hanyar Agadas zuwa Libiya da Aljeriya da duk abin da ke cikinta.

Mafi kusa ita ce Abuja. Jirgin ƙasa daga Rigasa ya fara jigila a 2016, har wasu suka riƙa aiki a can iyali suna nan. Harin 28 ga Maris 2022 ya tsayar da shi wata takwas, kuɗin tikiti kuma ya hau. Kwanan baya aka yi wa ɗan yayar tawa tayin aiki a wani shagon sayar da waya a Wuse, albashin ya kusa ninka abin da yake samu a ƙarƙashin lema. Muka zauna da biro a bayan wata tsohuwar takardar rasit. Ɗaki a Mararaba ko Zuba, kuɗin shekara guda a dunƙule, ga na dillali. Mota zuwa da dawowa kwana ashirin da shida. Abinci sau biyu a waje, tunda babu tukunyar uwa. Da muka ja layi, abin da ya rage bai kai na lemar ba.

Na ce ya tambayi mai shagon abu biyu: ko zai ba shi takardar ɗaukar aiki, tunda dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗansa a rubuce cikin wata uku, da kuma ko akwai wanda ya fara a kan kanta ya zama manaja. Ya buga waya a gabana. Mutumin ya ce takarda ba matsala ba ce, za a duba daga baya, manaja kuwa ƙanen matarsa ne. Yaron ya ninke rasit ɗin ya sa a aljihu, ya ce, "Kawu, bari dai in ga bayan Sallah."